Wa ke ba sojojin Najeriya umarni, kuma ta ina yake bi kafin ya isa bakin daga?

Malam, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce kullum kana jin ana ambaton Shugaban Ƙasa, da Ministan Tsaro, da Babban Hafsan Tsaro, da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, amma ka kasa gane wane ne a cikinsu idan ya ce sojoji su tashi dole su tashi. Sannan ka tambayi abin da ya sa gwamna, wanda ake yi wa kirari da shugaban tsaron jiharsa, ba ya iya tura sojojin barikin da ke babban birnin jihar zuwa ƙauyen da 'yan bindiga suka afka wa. Ta biyun ba ta amsuwa sai an warware ta farko, don haka da ita zan fara. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne cewa a tsarin soja iko uku ne aka raba da gangan: ikon yanke shawarar a yi amfani da ƙarfi, da ikon ɗaukar soja a horar da shi a biya shi, da ikon jagorantarsa a fagen fama. Yawancin ruɗanin da jama'a ke shiga ya samo asali ne daga ɗaukar waɗannan ukun a matsayin abu guda.

Tushen komai shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 217 ne ya tanadi sojojin ƙasa da na ruwa da na sama, ya kuma zayyana aikinsu: kare Najeriya daga harin waje, da tsare iyakokinta ta tudu da ruwa da sararin sama, da murƙushe tawaye tare da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan Shugaban Ƙasa ya kira su. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin rabin amsar tambayarka ta biyu a cikinsa yake. Sashe na 218 kuma ya ba Shugaban Ƙasa, a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, ikon ƙayyade inda za a yi amfani da sojoji da yadda za a yi, da ikon naɗa Babban Hafsan Tsaro da shugabannin rundunonin uku, sannan ya yarje masa ya wakilta wani soja a rubuce ya aiwatar da ikon a madadinsa. Saboda haka duk kwamandan da ka ji yana ba da oda a Monguno ko a Zurmi, ikon da ke hannunsa na aro ne, kuma idan aka bi sawunsa mataki-mataki za a tarar yana ƙarewa ne a teburin mutum ɗaya farar hula wanda aka zaɓa da ƙuri'a.

Sai dai kundin bai sakar wa wannan mutum mara gaba ɗaya ba. Sashe na 5 ya hana shi ayyana yaƙi da wata ƙasa sai majalisun tarayya biyu sun zauna tare sun amince, ya kuma hana shi tura soja yaƙi a wajen Najeriya sai da yardar Majalisar Dattawa. Ƙofar da aka bar masa ita ce ta gaggawa: idan ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana nan take, yana iya tura sojoji aiki taƙaitacce bayan ya tuntuɓi Majalisar Tsaron Ƙasa, amma dole ya nemi amincewar dattawan cikin kwana 7 da fara fafatawa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. An ga nauyin wannan tanadi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Majalisar Dattawa kuma, musamman sanatocin jihohin da ke kan iyaka daga Sakkwato zuwa Borno, ta nuna ba ta goyon bayan ɗaukar matakin soja a kan maƙwabciya kuma 'yar'uwa. Bayan wannan, kuɗin soja ma daga kasafin da majalisa ta zartar yake fitowa, kuma Dokar Rundunonin Soja ta ce sai majalisa ta tabbatar da manyan hafsoshin da aka naɗa. An daɗe ana yin biris da wannan sharaɗi har sai da wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci a 2013 cewa naɗin da aka yi ba tare da amincewar majalisa ba haramtacce ne, daga nan ne tantancewar ta zama al'ada.

Ministan Tsaro ba kwamanda ba ne, ko da kuwa a da janar ne. Theophilus Danjuma, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1999 zuwa 2003, tsohon Babban Hafsan Sojin Ƙasa ne, Rabi'u Musa Kwankwaso da ya gaje shi kuwa bai taɓa sa kaki ba, amma a idon doka kujerarsu ɗaya ce, kuma dukansu a matsayin farar hula suka zauna a kanta. Aikin minista shi ne tsara manufar tsaro, da kare kasafin kuɗi a gaban majalisa, da sa ido kan sayen kayan yaƙi, da shugabantar majalisun da ke kula da ƙarin girma da ladabtarwa a kowace runduna. Dokar da ta kafa majalisar sojin ƙasa ta faɗa ƙarara cewa hurumin majalisar bai kai ga yadda ake amfani da sojoji a fagen fama ba. Haka shi ma Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro: yana haɗa kan hukumomin leƙen asiri, yana da kunnen Shugaban Ƙasa fiye da kusan kowa, amma babu bataliya ko ɗaya da doka ta sa a ƙarƙashinsa.

Inda maganar take da sarƙaƙiya, kuma inda a ganina raunin tsarinmu yake, shi ne tsakanin Babban Hafsan Tsaro da shugabannin rundunonin uku. Muƙamin Babban Hafsan Tsaro ya zo ne da Jamhuriya ta Biyu, kuma Laftanar Janar Alani Akinrinade ne ya fara riƙe shi a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Shi ne soja mafi girma da ke bakin aiki, mai tauraro huɗu, kuma zai iya fitowa daga kowace runduna: Admiral Ibrahim Ogohi, wanda aka naɗa a 1999, sojan ruwa ne, Paul Dike da aka naɗa a 2008 kuma sojan sama ne. Doka ta ɗora masa jagorancin yau da kullum da kulawa da rundunonin baki ɗaya, a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa. Amma ita dai wannan dokar ta ba kowane ɗaya daga cikin shugabannin ukun, masu tauraro uku-uku, jagoranci da kulawa da tasa rundunar, kuma ta bar wa Shugaban Ƙasa damar wakilta ikonsa ga kowannensu kai tsaye. Su ukun Shugaban Ƙasa ne ya naɗa su, ba Babban Hafsan Tsaro ba, kowannensu yana da kujera a Majalisar Tsaron Ƙasa, kowannensu yana da nasa kason a kasafin kuɗi, kuma kowannensu ne ke riƙe da alƙalamin sauyin wurin aiki na hafsoshinsa.

Sakamakon haka shi ne mutumin da ya fi kowa girma ba shi ne ya fi kowa riƙe da mutane da kuɗi ba. Babban Hafsan Sojin Ƙasa shi ke da mafi yawan dakaru da barikoki a faɗin ƙasa, kuma kanar ɗin da ke jiran ƙarin girma ya san a Hedikwatar Sojin Ƙasa ake duba fayil ɗinsa. Idan aka yi dace Babban Hafsan Tsaro mai kwarjini ne, kuma Shugaban Ƙasa yana mara masa baya a fili, sai abubuwa su tafi daidai. Idan ba a yi dace ba, sai kowace runduna ta ja nata zaren, ta sayi kayan da take so, ta tsara aikinta ita kaɗai. Amurka ta sha fama da irin wannan matsala, kuma a 1986 ta yi dokar da ta cire shugabannin rundunoni daga layin ba da umarnin yaƙi, ta bar musu ɗauka da horarwa da samar da kayan aiki, umarni kuma ya riƙa sauka daga Shugaban Ƙasa zuwa Sakataren Tsaro zuwa kwamandojin fage. Ban ce mu kwafi tsarinsu harafi da harafi ba, amma ina da yaƙinin cewa abin da ya shafi rayukan mutane bai kamata a bar shi ya dogara da jituwar mutum huɗu ba.

Idan muka sauko cikin sojin ƙasa, ya fi sauƙi a fara daga ƙasa a hau. Ƙaramin rukuni shi ne na mutum kamar 10 a ƙarƙashin kofur. Irinsa uku sukan haɗu su zama filatun, mai mutum 30 ko ɗoriya, wanda laftanar ke jagoranta tare da saje. Filatun uku ko huɗu su ne kamfani, mai mutum fiye da 100, a hannun manjo ko kyaftin. Kamfanoni suka haɗu da ɓangaren manyan bindigogi da na hidima sai a sami bataliya, mai ɗaruruwan sojoji a ƙarƙashin laftanar kanar, kuma ita ce gida na gaskiya ga soja, domin a cikinta yake da lamba da abokai da wanda ya san sunan matarsa da 'ya'yansa. Bataliya kamar uku su ne birged, wadda birgediya janar ke riƙewa, birged-birged kuma su ne babbar runduna, wadda manjo janar ke shugabanta, shi ne wanda kake ji ana kira GOC. Waɗannan alƙaluma na takarda ne. A zahiri bataliyar da aka yayyanka aka rarraba a shingayen bincike na jihohi biyu ba ta cika kaiwa adadinta ba.

Manyan rundunonin da aka daɗe da sani su ne ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Legas, da ta 82 a Inugu. Wurin zamansu kansa tarihi ne: ta 7 an kafa ta ne a 2013 lokacin da rikicin Boko Haram ya fi ƙarfin rundunar haɗin gwiwar da ke Borno, ta 8 kuma an kai ta Sakkwato ne da matsalar arewa maso yamma ta tsananta. Iyakar runduna ba iyakar jiha ba ce. Birged ta 3 da ke Kano tana amsa wa Kaduna ne, Birged ta 1 da ke Gusau kuma tana amsa wa Sakkwato. Akwai kuma birged ɗaya da ba ta ƙarƙashin kowace runduna, wato Birged ɗin Masu Gadin Shugaban Ƙasa da ke Abuja, kuma zan dawo kanta.

A gefen wannan tsani akwai rabon sana'a. Kowane soja yana da fannin da ya ƙware a kai: dakarun ƙafa, waɗanda cibiyarsu ke Jaji, ko masu tankokin yaƙi da ke da makaranta a Bauchi, ko masu igwa da ke koyo a Kachia, ko injiniyoyi a Makurdi, ko masu sadarwa, ko 'yan sandan soja da ke Basawa a Zariya, ko ma'aikatan lafiya da masu kula da abinci da sufuri. Fannin ne ke horar da shi, amma kwamandan bataliyar ko birged ɗin da aka tura shi ne ke ba shi oda. Kowane kwamanda kuma yana da hafsoshin ofis masu tsara masa aiki, da tattara bayanan sirri, da lissafin harsashi da mai da abinci. Su ba sa ba da umarni da sunansu, da sunan kwamanda suke rubutawa, kuma idan abu ya ɓaci shi ake tuhuma.

Sojojin ruwa, waɗanda asalinsu ya koma 1956, sun raba gaɓar teku gida uku, yamma a Apapa da ke Legas, tsakiya a Yenagoa, gabas a Kalaba, suna kuma da sansani a Baga saboda Tafkin Chadi. Sojojin sama an kafa su ne a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kwamandansu na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Su rabonsu na aiki ne ba na yanki ba: jiragen kai farmaki suna ƙarƙashin Makurdi, ayyuka na musamman Bauchi, jigila Yenagoa, koyon tuƙi Kaduna. Wannan yana nufin jirgin da zai kai wa sojan ƙasa ɗauki a dajin Zamfara ba na kwamandan birged ɗin Gusau ba ne, roƙonsa yake yi ta hanyar da aka tsara.

Akwai kuma rabon da ya ratsa duk rundunonin, tsakanin hafsoshi da sauran sojoji. Kurtun sojin ƙasa yawanci yana shiga ta Depot na Zariya, wato sansanin horar da kurata, wanda ke aiki tun 1924, ya fito farabiti, ya hau las kofur, kofur, saje, har samanja. Hafsa kuwa yawanci ta Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, yake fitowa, ya je Kwalejin Jaji lokacin da yake manjo, sannan Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja idan ya doshi janar. Laftanar ɗan shekara 23 ya fi samanjan da ya kai sa'an mahaifinsa muƙami a ƙa'ida, kuma samanjan ne zai sara masa, amma duk hafsan da ya san ciwon kansa ba ya yanke shawara kan sojojinsa bai ji ta bakin samanja ba. Ɗa'a da fareti da sanin wanda ya gaji da wanda ke cikin damuwa a hannun waɗannan dattawan bariki suke, kuma rundunar da ta rasa su ta rasa ƙashin bayanta komai yawan janar-janar ɗinta. Girma a tsakanin hafsoshi kuma ana auna shi ne da kwas ɗin da mutum ya fito, shi ya sa duk lokacin da aka naɗa sabon shugaban runduna daga kwas na ƙasa, waɗanda suka girme shi sukan yi ritaya, kamar yadda janar-janar da dama suka yi a 2023. Al'adar tana kare martabar umarni, amma tana jawo asarar mutanen da ƙasa ta kashe dukiya mai yawa wajen horarwa.

Wannan tsananin kishin jerin girma ba banza ya zo ba. Rundunar ta taso ne daga 'yan tsirarun dakarun Hausawa da John Glover ya tara a Legas a 1863, ta zama wani ɓangare na rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897, inda aka daɗe ana ba da oda da Hausa, kuma har 1965 Bature ne ke shugabantarta kafin a miƙa ta ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Shekara ɗaya kacal bayan haka tsarin ya tarwatse. A ranar 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji suka kashe manyansu, ciki har da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, tare da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli na shekarar, Birgediya Babafemi Ogundipe, wanda shi ne mafi girma da ya rage, ya tarar ƙananan sojoji ba sa karɓar odarsa, sai ya janye, mulki ya faɗa hannun Laftanar Kanar Yakubu Gowon. Ɗaya daga cikin hujjojin da Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya riƙe na ƙin yi wa Gowon mubaya'a shi ne an tsallake jerin girma, kuma kowa ya san inda wannan taƙaddama ta kai ƙasar. Yaƙin basasa ya kumbura rundunar daga mutum kamar 10,000 zuwa kusan 250,000, kuma kwamandojin manyan rundunoni uku na farkon yaƙin, Muhammadu Shuwa da Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle, kowannensu ya yi yaƙinsa kusan yadda ya ga dama, ba tare da Legas ta iya ɗaure su a kan shiri ɗaya ba.

Birged ɗin masu gadi ma darasi ce daga wancan zamani. An ware ta ne don kada wani kwamandan runduna ya sami iko da ƙofar fadar shugaba, amma a ranar 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, kwamandan birged ɗin da kansa, Kanar Joseph Garba, shi ya sanar da hamɓarar da shi a rediyo. Shi ya sa da Olusegun Obasanjo ya hau mulki a 1999, cikin abubuwan da ya fara yi akwai sallamar gomman hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa. Shi ya sa kuma kundin ya wajabta cewa hafsoshi da sauran sojoji su fito daga kowane sashe na ƙasar, don kada rundunar ta zama ta wata ƙabila ko wani yanki.

Yanzu ga yadda umarni ke tafiya a yaƙin da ake yi a yau. Barikoki da rundunonin da na lissafa tsarin zaman lafiya ne. Idan rikici ya yi girma sai a buɗe masa fage na musamman mai kwamandansa. A arewa maso gabas an yi aikin da aka sa wa suna Zaman Lafiya, sai Lafiya Dole daga 2015, wadda aka sauya wa suna zuwa Haɗin Kai a 2021. A arewa maso yamma an yi Hadarin Daji, sai Fansan Yamma a 2024. Kwamandan fage, wanda yawanci manjo janar ne, ana haɗa masa sojojin ƙasa, da ɓangaren sama, da na ruwa inda ake bukata, da 'yan sanda da jami'an farin kaya, ya raba yankinsa sassa-sassa. Faruk Yahaya da Christopher Musa duk sun riƙe fagen Maiduguri kafin Yahaya ya zama Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Musa kuma Babban Hafsan Tsaro. Abin kamar doki ne wanda mai kiwonsa daban, mai hawansa zuwa daga daban: kwamandan fage yana sarrafa bataliyar da aka ba shi, amma albashinta, da harsashinta, da ranar da za a canje ta, da ƙarin girman kwamandanta, duk suna hannun rundunar da ta aiko ta.

Idan waɗannan hannaye biyu ba su tafi tare ba, jama'a ne ke biya. A daren 3 ga Disamba 2023 wani jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, mutane da dama suka rasu. Sojojin sama suka fito suka ce ba su yi wani aiki a yankin ba, daga baya sojojin ƙasa suka amsa cewa jirgin nasu ne. Ba ina cewa haɗakar umarni kaɗai za ta hana kuskure ba, domin sojojin sama su ma sun jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, amma a ce runduna ɗaya tana kai hari ta sama ɗayar ba ta da labari, wannan giɓi ne da ya kamata doka ta toshe, a san teburi ɗaya da ake tantance kowane hari kafin a saki makami.

A matakin ƙasa da ƙasa abin ya ƙara wuya. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, wadda aka mayar da hedikwatarta Njamena a 2015, janar ɗin Najeriya ne ke shugabantarta, kuma an kasa ta sassa huɗu, a Mora ta Kamaru, da Baga Sola ta Chadi, da Monguno, da Diffa ta Nijar. Amma kowane sashe dakarun ƙasarsa ne, gwamnatinsu ke biyansu, kuma ita ke da ta cewa idan ta ga dama ta janye su, kamar yadda Nijar ta sanar a watan Maris na 2025. Kwamanda a irin wannan wuri lallashi da daidaitawa ya fi yi a kan ba da oda.

To, ga batun gwamna. Tsaro da soja suna cikin jerin abubuwan da kundin ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, kuma kiran sojoji su taimaka a cikin gida haƙƙin Shugaban Ƙasa ne. Gwamna yana shugabantar taron tsaro na jiharsa, kwamandan birged yana halarta tare da kwamishinan 'yan sanda da daraktan jami'an farin kaya, yana sauraro, yana ba da bayani, kuma sau da yawa yana karɓar motoci da mai da alawus da gwamnatin jiha ke bayarwa. Amma ba zai ɗebi kamfani guda ya kai wani wuri da ba ya cikin odar da ke hannunsa ba don gwamna ya ce, domin idan aka yi wa sojojin kwanton ɓauna, ko aka kai hari wurin da ya bari, kotun soja ba za ta karɓi sunan gwamna a matsayin hujja ba. Abin da zai yi shi ne ya yi aiki a cikin iyakar da aka riga aka ba shi, ko ya nemi izini daga GOC ko kwamandan fage. Na san wannan amsa ba ta sanyaya zuciyar wanda aka kashe wa ɗan'uwa alhali bariki na nan kusa, kuma ba na ganin jinkirin da ake samu a matsayin abin da za a kare. Amma ƙasar da ta ga abin da ya faru a 1967, lokacin da gwamnan yanki ya sami dakarun da ke jin maganarsa shi kaɗai, tana da dalilin ƙin miƙa bataliyoyi ga gwamnoni 36 masu jam'iyyu da abokan hamayya da zaɓe a gabansu.

Gyaran da nake gani ya fi dacewa shi ne a sauko da izini ƙasa tun kafin abu ya faru, a rubuta wa kwamandan bataliya da na kamfani ƙa'idoji bayyanannu cewa idan aka kai hari a cikin yanki kaza ya fita nan take ba sai ya jira waya daga sama ba, a ba shi motoci masu lafiya da hanyar kiran jirgi kai tsaye, sannan a tuhume shi idan ya zauna. Kuma a tuna cewa biyayya tana da farashi a ɓangaren shugabanni. A watan Mayu na 2014 sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri sun harbi motar GOC ɗinsu bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 daga cikinsu hukuncin kisa a watan Satumba, daga baya a 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Dokar soja tana hukunta tawaye da ƙin bin halastaccen umarni, kuma daidai ne ta yi haka, amma ita ce kuma ta ba soja hanyar kai ƙorafi ta hannun kwamandansa zuwa sama, kuma ba ta wajabta masa bin odar da ta saɓa wa doka ƙarara ba, kamar harbin wanda ba ya ɗauke da makami. Kwamandan da aka tura wa ƙorafin rashin harsashi ko jinkirin alawus ya danne, shi ma ya karya tsarin, kuma kwamitocin tsaro na majalisun tarayya biyu suna da ikon kiran shugabannin rundunonin su zo su yi bayani a kan irin wannan.